Ƙullin Ciyawa

Tamar ba ta san sunan dattijon ba. Ita da 'yan ajinsu daga garin Gidan Waya sun zo yawon ganin daji a bayan garin Godogodo, aka ce su bi shi, shi ya san hanya.

Gajere ne, busasshe, sanye da takalmin roba da tsohuwar rigar ƙungiyar mazan coci wadda rubutunta ya koɗe. Yatsu uku ne kawai a hannunsa na dama. Tamar tana zaton bindigar farauta ce ta fashe masa, tun zamanin da dabba ce kaɗai abin tsoro a dajin nan. Ba ya nuna musu tsuntsu ko biri, idonsa yana ƙasa. Duk inda hanya ta rabu, sai ya kama kan doguwar ciyawa ya yi mata karkataccen ƙulli, irin na mai yatsu uku, saboda dawowa.

Yanzu suna komawa, ɗalibai suna ta hoto da dariya. Dattijon ya tsaya a mararraba. Ga ƙulli nan a hanyar hagu, mai gangarawa rafi. Ɗanye ne, an ja shi tsaf, bai karkace ba. Ya daɗe yana murza shi.

"Baba, ba nan za mu bi ba?" in ji Tamar.

Bai dube ta ba, ya yi ƙasa da murya.

"Yarinya na, gaya masu su bar dariya. Wanda ya ɗaura wannan, yatsan shi biyar ne."