Na Je Dutse Neman Tabarau Mai Ruwan Shayi

LARABA: RINGIM ZUWA GUJUNGU

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka bar gida, ni da Baffa Malam, ƙanin mahaifina mai makarantar allo a unguwarmu. Ni ban nemi ɗan rakiya ba. Baba ne ya ce 'ya mace ba ta zuwa Dutse ita kaɗai, ya kuma damƙa kuɗin a hannun Baffa.

Ga waɗanda ba su san abin da ya tashe ni ba: wata bakwai ke nan ina buga takardu da kwamfuta a shagon Malam Habu, nan bakin kasuwa. Duk 'yan ajinmu mata ni kaɗai na samu aiki. Amma da na yi rabin awa ina kallon gilashin na'urar sai in fara ganin walƙiya a gefen ido, ɓarin kaina na hagu ya ɗauka, daga nan sai amai. Wata nas ce ta gaya mini akwai tabarau mai ɗan duhu da ake yi wa masu irin wannan ciwo. Malam Habu kuma ya ce takardun jarrabawar makarantu sun taru, in har la'asar ɗin Alhamis ban iya zama kan kujerata ba, zai ɗauki wani.

A tasha muka samu bas ƙirar hayis. Tunda aka ƙaddamar da shari'a mata a baya suke zama, na shige can ƙurya. Awa guda muna zaune.

Na leƙo na ce, "Direba, sai yaushe?"

"Saura mutum uku, 'yammata."

"Tun ɗazu fa saura uku."

"To ki biya na ukun mu tashi."

Baffa ya waiwayo daga gaba ya kalle ni, na koma na zauna. Bakwai da minti goma muka tashi, muka ratsa Taura ba mu tsaya ba, takwas da 'yan mintuna muna Gujungu.

GUJUNGU ZUWA DUTSE

Nan muka canza mota, wata tsohuwar fijo. Baffa ya sayo ƙosai na naira ashirin, na kasa ci. Bazara ce, rana ta buɗe, kuma tagar gefena babu abin karewa. Na ja hijabi na rufe fuska gaba ɗaya.

A shingen shiga Jahun wani ɗan agaji ya leƙo yana duba yadda aka zaunar da fasinja. "Wannan da ta ƙudundune fa, lafiya?"

Baffa ya ce, "'Yata ce, asibiti za mu."

"Allah ya ba da lafiya, Malam."

Gab da Kiyawa amai ya taso mini. Baffa ya sa direba ya tsaya, ya fito da ni da kansa, ya zuba mini ruwan butarsa na wanke baki, ya dafa kaina ya tofa addu'a. Na rubuta wannan ne don kada wani ya karanta sauran ya ce mugu ne.

DUTSE

Sha ɗaya da minti ashirin muka sauka. Yankan kati, layi, sallar azahar, wani layin. Sai biyu saura kwata na ga likitan ido. Ya haska, ya sa na karanta haruffa har layin ƙarshe, ya ce idona lafiya lau, haske ne ke tayar mini da ciwon. Ya rubuta takarda zuwa wani shagon haɗa tabarau.

Mai shagon ya fito da faranti cike da gilasai, ya zaɓi wani mai ruwan shayi ya ɗora mini. Ya ce in kalli dogon ƙwan lantarkin da ke sama, sannan in kalli farin bangon waje da rana ta daka. Na kalla. Wallahi kamar an zare mini ƙusa daga ido. Goshina da ya yi wata bakwai a tattare ya saki.

Na ce, "Wannan."

Baffa ya matso ya dube ni. "A'a. Wannan ai na 'yan fim ne. Ba a ma ganin idonta. Yarinya ta tsuguna gaban babba, ba a san ƙasa take kallo ba ko tsakiyar idonsa? A ba ta fari, irin na masu karatu."

Mai shagon ya ce, "Allah gafarta Malam, farin ba ya tare haske. Magani ne wannan, ba gayu ba."

Baffa ya karɓa yana jujjuyawa, ya ɗaga shi sama, har ya kara a nasa idon. "To, babu wanda bai kai wannan duhu ba?"

Yanzu na san saukowa ya fara yi. A lokacin kaina na sarawa, abin da na gani kawai mutum yana wasa da aikina a tsakanin yatsunsa. Na ce, "Baffa, wai kai za ka sa ko ni? Kai ka taɓa ganin kwamfuta ma?"

Akwai wasu dattawa biyu a kan benci suna jiran nasu. Ɗaya ya ce, "Subhanallahi." Baffa ya ajiye gilashin a hankali cikin farantin.

"A haɗa farin. Gobe da safe za mu karɓa."

MASAUKI

Gidan Gwaggo Hauwa muka sauka, yayar su Baba. Ta yi tuwon dawa miyar kuka, ta dama fura. Bayan magariba na ba ta labari ina jiran ta goya mini baya.

Ta ce, "Ke dai sakarya ce, duk da bokonki."

"Gwaggo, ƙarya na yi?"

"Wa ke maganar ƙarya? Da kin ja bakinki kin zo kin gaya mini, ni na goya shi a bayana. Da safe da ƙafarsa zai koma ya canza, ya ce ma shawararsa ce. Yanzu kin tsinka shi gaban baƙi. In ya canza, waɗancan mutanen za su tafi da labarin malamin da yarinya ta juya."

"Mutanen da ba zai sake gani ba?"

"Shi ai zai sake ganin kansa."

Duk da haka ta ɗauki fura ta kai masa zaure. Na laɓe a bakin ƙofa. Ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Yaya, na riga na yi magana."

ALHAMIS: KOMAWA

Ƙarfe tara muka karɓi farin tabarau cikin ɗan gidansa. Mai shagon ya miƙo mini yana kallon gefe, ya ce, "Ki riƙa rage hasken na'urar, ƙanwata." Mai ruwan shayin na nan cikin faranti inda aka ajiye shi jiya.

Goma da rabi mota ta tashi. Muka bi Kiyawa, Jahun, Gujungu, Taura. Uku saura minti goma muka shiga Ringim. Baffa ya nufi gida, ni na zarce shago.

Malam Habu ya ce, "A'a, yau farfesa ce a shagona! An dace?"

Na ce, "Kunna inji mu gani."

Uku da minti goma na fara buga lissafin aji shida. Na rage haske har ina lalube. Uku da minti talatin da biyar walƙiyar ta zo. Na cije, na ƙarasa shafi ɗaya, na shiga na biyu. Huɗu saura goma na fita bayan shago da gudu na yi amai. Da na dawo na tarar Malam Habu ya lulluɓe na'urar da ƙyallenta.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Zulai. Hannunki ya fi na kowa sauri, amma makarantu ba za su jira ba."

Na cire makullin shago daga jakata na ajiye masa a tebur.

GIDA

Huɗu da rabi na yi sallama. Baba da Baffa na kan tabarma a zaure. Na tsuguna. Baba ya dubi tabaran ya ce ya yi kyau, sannan ya juya ga ƙaninsa. "Ba ta dai ba ka wahala ba ko? Na san bakinta."

Baffa ya ce, "Ko kaɗan. Lafiya muka je, lafiya muka dawo."

Ya rufa mini asiri. Da ya faɗi abin da na ce masa, da ba a gidan nan zan kwana ba.

"To ki yi wa Baffanki godiya, ya bar karatu kwana biyu saboda ke."

Na yi. Har ƙasa na yi, kuma ya amsa.

Alhamdu lillahi da muka dawo lafiya. Ina godiya ga Gwaggo Hauwa da ta gwada, da mai shagon da ya faɗi gaskiya sau ɗaya, da direban da ya tsaya mini a hanya bai yi tsaki ba. Baba bai san an sallame ni ba tukuna. Gobe ƙarfe takwas zai ga ban fita ba, zai tambaya.