Tsiron Dawar da Ya Kori Inna Daga Riyad

Ina ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin, muna zaune a unguwar Ulaisha a Riyad, Baba yana aiki a ofishin jakadanci. Ni ne mai ba da dariya a ajinmu. In na ga ɓera, kafin in kai makaranta ya zama kura.

Akwai wata dattijuwa 'yar Maraɗi da muke kira Inna, tana aiki a gidan wani Balarabe maƙwabcinmu, shi ne kafilinta, wato wanda ya tsaya mata take zaune a ƙasar. Duk Alhamis takan shigo ta dama wa Mama kunun zaƙi. Takan jiƙa dawar da aka sayo a kasuwar Aziziya, ta shimfiɗa a saman benenmu, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu har ta yi tsiro. Wata rana na dame ta da tambaya, sai ta ce haka kakarta take fara dafa burkutu a ƙauye kafin ta musulunta: a jiƙa, a tsirar, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bar shi ya kwana biyu yana kumfa. Ta ce kunu dai ba ya kwana, nan suka rabu. Ta ja mini kunne cewa maganar ta tsaya a nan.

Ranar Asabar, farkon makon makaranta a can, na kai maganar aji. Na ce Inna tana da masana'antar giya a saman benenmu, tukwane sun kai tsayina, tattabarun unguwa ma tangaɗi suke yi. Aka yi ta dariya har da buga tebur. Ɗan kafilinta yana cikin masu dariyar.

Ya kai labarin gida, bayan kwana biyu uban ya hau benen da kansa. Ya ɗaga buhun, ya ga tsiro, ya ji tsami. Baba ya yi ta bayani, har ya sa aka kawo masa kofin kunu, Balaraben ya ƙi taɓawa. Ya ce ba zai kira 'yan sanda ba saboda maƙwabtaka, amma halas, magana ta ƙare, zai soke iƙamarta, wato takardar izinin zamanta. Shekara tara tana ciyar da jikokinta da wannan takardar.

Na faɗi gaskiya, na rantse ƙarya na yi. Ba wanda ya yarda, suka ce ina kare ta ne. Ranar tafiyarta ba ta zage ni ba. Ta miƙa wa Mama rariyarta, ta ce mini, ɗana, a sauko da dawar nan kada ta lalace. Na hau na sauko da ita. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba, kunu ne kawai na daina sha.

Masu ba da dariya irina, kafin ku ƙara gishiri a labari ku duba sunan wa ke ciki, da kuma ƙasar da yake zaune. Ni dariyar minti biyar na samu. Ita ko inda take ban sani ba.