Yadin Roba a Keken Kaka

Har yau, in na ji zare ya tsinke a ɗinki, ɗas, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya muku dalili.

A unguwar Abbaganaram na tashi. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce mai ɗinki a gidanmu, da baƙin kekenta na ƙafa a rumfar tsakar gida. Hijabai take yi da yadin nan mai roba, wanda ke talewa in an ja shi. Da aka ƙone makarantarmu sai na koma gindin kekenta, ina shekara goma sha biyu. Kullum takan ce, "Fero, roba ba atamfa ba ce, lallaɓa ta ake yi." Fero yarinya ke nan da Kanuri. Ni kuwa sauri nake so, maganar ba ta shiga.

Wata rana da bazara, da hantsi, bam ya tashi a bakin titi. Ƙasa ta girgiza, harbi ya biyo baya. Mama ta tafi gaisuwar rasuwa unguwar Umarari, daga ni sai Kaka a gida. Can sai ga maƙwabta biyu ɗauke da Baba, suka shimfiɗe shi suka gudu. Ƙarfe ya tsaga masa cinya, nama a buɗe, jini na tsartuwa har bango. Asibiti kuwa babu hanya, duk wanda ya leƙa titi sai harsashi.

Kaka ta cire lafayarta ta danna a ciwon, nan take ta jiƙe sharkaf.

"Wannan ba ya matsewa," in ji ta. "Roba! Haɗa min ƙyallayen nan su yi tsawo."

Guntaye ne kawai suka rage a kwando. Na ƙulla, ƙullin ya zame. Na hau keke na taka da ƙarfi ina fizgar yadin. Ashe ƙarar keken ta fita waje, wani ya zaci bindiga ce, ya buɗe wa gidanmu wuta. Harsashi ya huda ƙofar kwano, ya fasa randa. Na rarrafa na miƙa wa Kaka abin da na ɗinka. Ta naɗa, ta ja, ɗas, ɗas, ɗas, ɗinkin ya ɓarke gaba ɗaya. Jini ya feshe mata fuska. Ta ɗauke ni da mari da hannun nan mai jini, ita da ba ta taɓa dukana ba.

Sai kuma muryarta ta sauka, kamar ba harbi ake yi ba.

"Sauke ƙafarki, da hannu za ki juya. Goga bakin allura a siminti ta ɗan dakushe, kada ta yanke yadin. Sassauta zaren sama. Sa takarda a ƙasa, kada keke ya haɗiye shi."

Takardar da ke kusa ita ce littafin rubutuna na makaranta. Na yage shi.

"Ɗan miƙa shi, gaba da baya daidai, ban da fizga. Bi sau biyu."

Ina juyawa a hankali, ina jin Baba yana kalmar shahada, leɓɓansa sun yi fari fat. Ban taɓa ganin allura mai nawa irin ta ranar ba. Kaka ta karɓa, ta naɗa, ta ja da dukan ƙarfinta. Ɗinkin ya tale tare da yadin, bai tsinke ba. Jinin ya ragu, ya ragu, ya tsaya.

Sai bayan la'asar hanya ta buɗe, aka kai Baba asibiti a baro. An ce da almakashi nas ta yanke ɗaurin, da guntayen takarda maƙale a ɗinkin, da rubutuna a jiki. Ban sake riƙe biro ba sai da na yi aure na shiga ajin manya.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yanzu keken lantarki gare ni, mai ɗinkin zigizag da ke talewa tare da yadi, ba a goga allura, ba a neman takarda. Jiya na ga 'yata tana fizgar yadin roba a kansa. Ban mare ta ba. Na ɗora hannuna a kan nata na ce, "Fero, lallaɓa."

Ta yi dariya ta ce, "Mama, hijabi ne fa kawai."

Na ɗaga kai. Baba ne, kakanta, ya wuce ta ƙofa, yana dogara sanda, zai tafi masallaci.