Tarin Babur ɗin Maigida

Babur ɗin maigidana yana da tari. Kafireta ce ta gaji, abin nan da ke haɗa mai da iska a cikin inji. In ya kunno kai layinmu a Dogon Dutsi sai ka ji ya yi gurnani, ya shaƙe, ya sake kamawa. Na sha yi masa tsiya, ina cewa mu dafa wa babur ɗin nan citta da kanumfari. Amma da shi yake kabu-kabu muna ci, da shi kuma yake zuwa gaida Inna, mahaifiyarsa, duk Lahadi, a wani ƙauye wajen Lugu inda mota ba ta cika shiga ba. Idon Inna ya yi rauni ƙwarai. Takan fito gindin gawo a bakin hanya ta zauna, ta ce da tarin nan take gane ɗanta tun bai iso ba.

Wata rana ya dawo baki har kunne. Wai akwai wani zaure a waya inda ake gwanjon kayan babur, an saka kafireta sabuwa fil, ya taya, an sallama masa. Ya kwashe ɗan abin da muka tara ya aika. Da yamma mai kayan ya turo hoton kwali ɗaure da igiya, da sunan maigida a jiki, ya ce ya ba direba.

Mutumin nawa ba ya iya farin ciki shi kaɗai. A ranar ya kwance tsohuwar kafiretar, ya wanke ta, ya kai wa amininsa, wani ɗan kabu-kabu da suka tashi tare, wanda nasa babur ɗin ya daɗe a jingine saboda tasa ta fashe.

Na ce, "Baban yara, ka bari kayan su iso mana."

Ya ce, "Ke dai kin cika zargi. Ba ki ga hoto ba? Gobe war haka suna hannuna."

Gobe ta yi, ya tafi tasha. Jibi ma haka. Duk motar da ta tsaya sai ya leƙa, har direbobi suka fara ce masa mai kwali. Mai kayan ya ce mota ta lalace a hanya, daga baya ya ce an yi masa rasuwa, maigida har ta'aziyya ya yi masa. Sai lambar ta daina shiga. Ranar da wani a zauren ya saka hoton kwalin nan dai, igiyar nan dai, amma da nasa sunan a jiki, maigida ya kife wayar a tabarma.

Raina ya ɓaci, na zage ɓarawon nan tas ko da ba ya jina. Sannan na ce wa maigida ya je ya karɓo tsohuwar wajen amininsa.

Ya ɗago ya dube ni. "In ba mutum abu in koma in amshe? Da wane ido? Kak ki kuskura ki hwaɗa ma matatai."

Na ji ciwon maganar nan. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, babur na tsakar gida an lulluɓe shi da buhu. Aka aiko mana daga ƙauye cewa Inna ba ta fasa fita gindin gawo ba, sai rana ta yi sanyi ake kama hannunta a mai da ita gida. Maigida ya daina cinye tuwonsa.

Ban gaya wa kowa ba. Amma garin ba shi da girman da za a ɓoye babur a kwance. Lahadin da ta biyo, da sassafe, muka ji tarin nan a ƙofar gida. Aminin ne ya yi sallama, yana dafe da ƙugu.

Ya ce, "Bayana ya riƙe yau, ba ni iya aiki. Taimaka ka zagaya da moton ga, kar shi kwan bai motsa ba."

Bai ambaci kafireta ba, maigida ma haka. Aminin ya miƙa makullin babur ɗinsa ya juya, tafiyarsa garau, ya manta da ƙugun tun kafin ya kai kwana.

Na hau baya muka tafi tare. Tun daga nesa na hango Inna ta miƙe tsaye tana gyara mayafi, ta karkata kunne wajen hanya. Da muka tsaya ta ce, "Ga shi nan! Na jiya tarin tun daga hwadama."

Ta lalubo kan ɗanta ta shafa. Sannan hannunta ya sauka kan babur, ta bi tankin, ta bi sirdin, ta ɗan tsaya. Namu sirdin yana da faci, wannan babu. Ba ta tambayi komai ba.

Da za mu dawo ta ƙullo ƙwan zabi a tsumma, ta danƙa mini.

Ta ce, "Wanga ba naku ba ne. Ku kai ma mai moton, ku ce uwarku ta gode."

Maigida ya sunkuya yana duba taya, ya daɗe bai ɗago ba.