Madarar Inna Ƙara-Kaɗan

A layinsu babu wanda ke kiranta da sunan yanka. Inna Ƙara-Kaɗan ake ce mata, don ko mai karanta mitar wuta ne ya leƙo gidanta, sai ya fita yana sassauta bel. A wurinta ciwon kai yunwa ne, baƙin ciki yunwa ne, faɗuwa jarrabawa ma yunwa ce. Mijinta, wani tsohon direba, ya shigo auren kamar sandar tsintsiya, ta mayar da shi ƙato, har sai da aka ja kujerar mota baya.

Da cuta ta shiga jininsa, aka kwantar da shi a asibiti, a ɗakin masu jin jiki sosai, an zura masa tiyo ta hanci har ciki. Jijiyoyinsa sun gaji da allura, sai aka koma niƙa ƙwayar maganin kashe cutar ana tura ta ta tiyon. Hannu ya yi kaɗan a ɗakin, nas ta koya wa Inna tura abinci da sirinji. An ba kura ajiya ke nan. Da zarar an ba shi magani, nas ta juya baya, sai Inna ta zaro fulas daga jaka ta bi shi da madara, wai kada magani ya tarar da ciki wayam.

Zazzaɓi ya ƙi sauka, tsoro ya kama kowa. Wata safiya nas ta ga fari-fari a tiyon.

"Mama, mene ne wannan?"

"Ɗan abin taɓawa ne, 'yata."

"Hanjin Baba da ƙyar yake tsotsar maganin nan. Madarar kuma tana kama shi, ta hana shi shiga jini. Tare suke wucewa."

Inna ta tura fulas can ƙasan jaka. Daga ranar ta zama mai gadin tiyo. Ƙanwar mijin ta zo da kwano a rufe, Inna ta raka ta har ƙofa da kwanonta.

Sannu a hankali zazzaɓi ya sauka. Ranar da mijin ya buɗe ido, an ba shi magani ke nan, ya ce da ƙaramar murya, "Yunwa."

"Ka jira," in ji Inna.

Ya juya wurin nas. "'Yata, wace ce wannan? Ina matata?"

Inna ta share ido da gefen mayafi. "Matarka ta kusa kashe ka, Malam. Yi shiru maganin ya shiga."