Baƙin Yashin da ke Daɓen Inna

Wata ranar Juma'a ce a kakar shekarar 1957, kasuwar Wudil tana ci, aka aike ni bakin gada in taro Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara uku yana leburancin haƙar kuza a ƙasar Jos. Ina da shekara tara. Ya sauko daga bayan akori-kura ya rame, yana tari, da akwatin ƙarfe da wani ƙullin buhu da bai fi kan jariri girma ba. Na sa hannu ɗaya zan ɗauka, sai ya fizge ni ƙasa. Kawu ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi, ya ce, "Ɗan boko, biro ya cinye maka ƙarfi." Da ya kwance bakin buhun na ga yashi baƙi wuluk, mai laushi, yana walƙiya a rana. Ya ce irinsa ake zubarwa tsibi-tsibi bayan an wanke kuza, ya ɗebo ne don yara su yi kallo.

A makon nan ake shirin sabunta daɓen ɗakin Inna, mahaifiyata. An gama yankan gero, mu yara muna jigilar marmara a kwando, mata sun jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa daɓe, a tsohuwar randa. Ni ne na ce a barbaɗa yashin Kawu a saman daɓen. Babu wanda ya sa ni. Ina son ɗakinmu ya fi na kowa a unguwa, kuma tun da na shiga elementare ake ɗaukar maganata da nauyin da bai kamace ta ba. Matan maƙwabta suka durƙusa jere da madaɓansu, suna buga ƙasa suna waƙa, ni ina gabansu ina watsa yashin kamar mai yafa iri. Kafin ya bushe, ƙanwata Talatu, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ta kuɓuce daga hannun mai riƙonta ta taka gefen ƙofa. Aka yi niyyar shafewa, Inna ta ce a bar mata sawunta.

Daɓen ya yi kyau har mata suna zuwa gani daga garin Darki. A kansa Talatu ta girma. A nan take barci da rana, kuncinta a ƙasa saboda sanyinsa, kuma tana da halin kankare ƙasa da farce ta kai baki, duk tsawar da ake yi mata. A daminar 1959 ta fara ɗashewa. Dasashinta ya riƙa zubar da jini, jikinta ya yi tabo-tabo ba tare da ta faɗi ba. An yi rubutu, an yi jiƙo, daga baya Baba ya kai ta asibiti a Kano, suka kwana tara. Ina ɗaure wa akuya harawa na hango shi ya shigo shi kaɗai, da zanenta a naɗe a hammata. Kawu Sule ma bai ga bayan wannan shekara ba.

Sai da na je jami'a na karanta kimiyyar lissafi da makamashi na san cewa irin wannan yashi yana iya ɗauke da ma'adinin da ke fitar da tururin nukiliya, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A nan kuma na karanta cewa a wannan kaka ta 1957 wata tashar nukiliya ta yi gobara a Ingila, har hukuma ta sa aka zubar da madarar shanun yankin don kada yara su sha. Na lissafa watannin, na rufe littafin. Na shekara goma sha biyar ina koya wa ɗalibai wannan darasi ban kai shi gida ba.

Da wata tashar nukiliya ta Tarayyar Sobiyat ta fashe a 1986, har rediyo ya kawo labarin cikin Hausa, na kasa ci gaba da kau da kai. Na aro na'urar awon tururin nukiliya daga wurin aikina na tafi Wudil. A tsakar gida tana ƙyas, ta yi shiru, ta sake ƙyas. Da na tsallaka dokin ƙofar Inna na kusantar da ita ƙasa, sai ta ruɗe kamar ana soya gyaɗa. Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari. Ta ce, "Malam, me abin naka yake faɗa?" Na ce mata daɓen ya tsufa, zan sa a fasa a zuba siminti. Ta dubi gefen ƙofa ta ce, "A fasa ko'ina, ban da nan." Haka aka yi, kuma ban ƙara mata ko kalma ɗaya a kan maganar ba har ta rasu.

Ilimina bai ba ni hukunci ba. Yara suna kamuwa da ciwon jini a gidajen da ba a taɓa kai wannan yashi ba, kuma awon da na yi ba zai tabbatar da sanadi ba. Na san kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ban taɓa iya cewa ba shi ba ne. Yau babu mai daɓe a unguwarmu, waƙar madaɓi ta tafi da masu yin ta, kowane ɗaki siminti ne mai santsi da ba ya riƙe sawun kowa. Na kewaye wancan gefen ƙofa da bulo, na hana yaran gidan zama kusa. In na je gida nakan tsaya daga nesa in dube shi. Sawun ƙafar Talatu bai kai tsawon tafin hannuna ba.