Almakashi Ɗan Jamus

A shekarata ta farko a London, ina zaune ne a ɗakin sama na gidan wata tela a Camberwell. 'Yar Jos ce, ta ɗan girmi mahaifiyata, kuma tun ranar da na shigo da akwatina ta ce in riƙa kiranta Mama. Shagonta yana wani lungu a bayan Rye Lane, tsakanin mai kitso da mai sayar da busasshen kifi. Duk Asabar ɗin da ba ni da karatu nakan je in zauna a kan tulin yadi, riƙe da littafin da ba na karantawa, ina kallon hannunta.

Mama ba ta taɓa roƙona komai ba. Ita ce mai bayarwa. Takan dama mini kunun gyaɗa in ina azumi, ko da yake ita Kirista ce, kuma da ta ga rigar sanyina ba ta da kauri sai kawai na tarar da wata a kan gadona. Shi ya sa na riƙe maganarta da kyau ranar da na gaya mata cewa ni da ƙawata za mu je Kolon, a Jamus, mu yi kwana biyu.

Ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. "Jamus? To, in kin ga almakashi ki sayo mini. Babba, na tela. Ɗan Jamus na gaske."

Na dubi teburinta, na ga guda uku a ajiye.

"Waɗannan tauna yadi suke yi," ta ce. Sai ta ba ni labari. Babanta tela ne, yana da wani almakashi ɗan Jamus da ba ya barin kowa ya taɓa. Da za ta taho ƙasar nan, ya naɗe shi a ƙyalle ya ba ta. Ta ƙi sa shi a babban akwati don kada ya ɓata, ta sa a jakar hannu. A filin jirgi aka ciro shi, aka ce ba a shiga da shi. Masu rakiya sun riga sun tafi, jirgi yana shirin tashi. Tana kallo aka jefa shi a wani kwando. Har babanta ya rasu ba ta gaya masa ba.

"Kin ga wauta ko?" ta ce tana dariya, ta ci gaba da ɗinki.

Na ce mata in Allah ya yarda ba zan dawo babu shi ba.

Ƙawar tawa 'yar Kaduna ce, ajinmu ɗaya, ita ta yi mana komai na tafiyar. Ni nawa bin ta ne da kallon sama. Muna fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Kolon muka yi kiciɓis da babbar majami'ar garin, baƙa, da hasumiya biyu da suka shige cikin gajimare. Na tsaya har wuyana ya yi ciwo. Duwatsunta kamar an yi musu aikin allura, irin na wuyan babbar riga. Ranar Asabar muka wuni muna yawo. Muka hau gadar da jiragen ƙasa ke bi, tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu, kogi yana wucewa a hankali da manyan jiragen kaya.

Da la'asar muka bi ta gaban wani shago da aka jera wuƙaƙe da almakasai a tagarsa, suna ta ƙyalli.

"Ga shagonki," in ji ƙawata. "Shiga mu gama."

"Sai gobe."

"Me ya hana yau?"

Na ce a gidanmu ranar komawa ake sayen tsaraba. Haka na tashi na ga mahaifiyata tana yi: sai an gama ziyara, an yi sallama, sannan a biya ta kasuwa. Gaskiya ne wannan. Amma gaskiyar da ta fi ita ce, rana tana shirin faɗuwa, ina so in gan ta a kan ruwa.

Ƙawata ta ga idona yana wajen kogi, ta gane. "Malama mai waƙa," ta ce. "Allah ya kai mu goben."

Ranar Lahadi da hantsi muka koma. Shagon a rufe. Na kusa da shi ma a rufe, duk layin a rufe, ba ka jin komai sai ƙararrawar majami'u. A Peckham, unguwar shagon Mama, Lahadi ranar ciniki ce kamar kowace, ban taɓa kawo wa raina akwai garin da ke kulle kasuwarsa gaba ɗaya ba. Wani dattijo mai jan kare ya ga muna leƙen taga, ya ce mana da Turanci mu dawo gobe. Jirgin samanmu kuwa da yamma zai tashi.

Na jingina goshina da gilashin. Ga almakasan nan, tsakanina da su bai kai kamu ɗaya ba. Ƙawata ta dubi fuskata. Ta ja hannuna muka gangara bakin kogi, ba don muna da wurin zuwa ba.

A can muka tarar da kasuwar gwanjo. Mutane sun shimfiɗa tsofaffin kayan gidajensu a kan tebura: faranti, agogo, littattafai, fitilu. A teburin wata tsohuwa mai farin gashi, tsakanin kwalin maɓallai da zarurruka, na gan shi. Dogo ne, mai nauyi, baƙin fentin mariƙinsa ya goge a daidai inda babban yatsa ke shiga. Na buɗe shi na rufe. Ya yi wani sauti mai tsabta, gajere.

Tsohuwar ba ta jin Turanci sosai. Da kalmomi kaɗan da nuni ta fahimtar da ni cewa na mijinta ne, tela ne, ya rasu. Na nuna mata hoton Mama a wayata, tana zaune a gaban keke da tef ɗin awo a wuya. Ta daɗe tana kallo. Na biya, ta fara naɗe shi a jarida.

"Tsaya," in ji ƙawata. "Da jakar hannu kawai na yankar mana tikitin jirgin sama. A ina za ki sa shi? Ko so kike a sake jefa na Mama a kwando?"

Na dubi jakata. Labarin da aka ba ni da baki, ga shi na kusa maimaita shi da hannuna. Ƙara akwati a lokacin ya fi ƙarfinmu.

Tsohuwar ta gane daga yadda ƙawata ta kwaikwayi jirgi da hannu tana girgiza kai. Ta karɓi almakashin, ta nuna kanta, ta ce gobe, gidan waya. Na rubuta mata adireshinmu a bayan tikitin jirgin ƙasa, na ƙara mata abin aikawa. Ta sa tikitin a aljihun rigarta ta dafa shi.

"Ko sunanta ba ki tambaya ba," ƙawata ta ce da muka yi nisa.

Washegari da safe na sauko na tarar da Mama tana haɗa shayi. Ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi hanya, idonta ya sauka a hannuna sau ɗaya ya ɗauke. Na ba ta labarin shagunan da aka rufe, da tsohuwar da ta yi alkawari. Ban gaya mata cewa tsohon kaya ne ba. Kunya nake ji, don ban taɓa ganin wanda ya kai wa babba tsarabar gwanjo ba.

"Garin da ke hutun Lahadi, ai masu tsoron Allah ne," ta ce. "Ba komai, 'yata. Sha shayinki."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma wannan shirun ya fi damuna. Kullum na dawo daga makaranta sai na duba bayan ƙofa. Takardun ƙaramar hukuma, tallan abinci, shi ke nan. Mako ya cika. Na fara tunanin ko ruwa ya wanke rubutun tikitin, ko tsohuwar ta kwanta ciwo.

A Asabar ta biyu, ina shirin fita, mai kawo wasiƙu ya ƙwanƙwasa. Ƙaramin kwali ne, an rubuta adireshin da manyan baƙaƙe masu rawa. Na rungume shi a bas har Rye Lane.

Mama ta yanke igiyar kwalin da ɗaya daga cikin masu taunar yadin. Ba jarida a ciki. Tsohuwar ta naɗe shi a wani tattausan ƙyalle, ta haɗa da guntun allin tela.

"Mama, ba sabo ba ne," na ce da sauri. "Na mijinta ne."

Ta ɗauko shi. Ta zura babban yatsanta a inda fentin ya goge, ta buɗe, ta rufe, ta kai shi kusa da kunne ta sake. Sai ta jawo wata shuɗiyar atamfa daga ƙasan tebur, ta shimfiɗa, ta yanka tun daga wannan baki har wancan ba tsayawa. Yadin ya rabu biyu, ko zare ɗaya bai tashi ba.

Ta ɗan jima tana kallon yankan. Ta goge ido da bayan hannu.

"Bakinsa na son wasawa kaɗan," ta ce. "Tashi ki miƙe in auna ki. Kin ga na riga na yanka, dole a yi riga."